Gargaɗi ga masu sayen mota da masu kai gyara a Zakirai da kewaye

Jama'ar Zakirai da sauran garuruwan Gabasawa, a yi hattara. Kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da wake da riɗi, kuɗi ya shigo hannu, kuma masu neman guminku sun san da haka. Yanzu ne manomi ke ɗaukar wahalar damina guda ya nufi Kano sayen Golf ko Sharon ta haya, ko ya kai tsohuwar a-kori-kurarsa gareji a sauke inji. Bayan mako biyu mota ta tsaya a hanyar Gezawa, dillali ya daina ɗaga waya, bakanike ya ce shi lafiya ƙalau ya sallame ta.

Kada wanda ya biya ko kwabo, ko da kafin alƙalami ne, sai an rubuta takarda. A sa sunan mai sayarwa da lambar shasi da ta inji da kuɗin da aka biya da duk aibin da aka ambata, shaidu biyu su sa hannu. A ga takardar kwastan da ido, domin a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, kuma motar da ba a biya mata haraji ba a hannunka za a kama ta, dillalin da ya ci la'ada yana gidansa. Wajen gyara ma haka: a faɗi kuɗin aiki tun farko, ka bi yaron gareji Kofar Ruwa a sayi kayan a gabanka, ka karɓi rasit, kuma a ba ka tsohon da aka cire. Na san mutanenmu na jin nauyin neman takarda wurin wanda suke sahu ɗaya da shi a masallaci. Wannan kunyar ce ke cinye dukiyar talakawa, alhali Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a rubuta bashi.

In kuwa rigima ta riga ta taso, abu na farko shi ne kada ka bari wani bakanike ya kwance injin. Da zarar hannu na biyu ya taɓa shi, na farko ya sami mafita, zai ce wancan ne ya ɓata. Ka ɗauki hoto da bidiyo, ka adana saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi, ka koma wurin na farkon da dattijo guda. Ban da zagi, ban da gayyar samari, ban da kwashe masa kayan aiki. Wanda ya yi haka ya mayar da kansa mai laifi, mai gaskiya ya kwana a bayan kanta.

In ya ƙi, a kai maganar ga shugabannin garejin ko ƙungiyar makanikai ta NATA, ko ta masu sayar da motoci. Sau da yawa sun fi kowa iya tanƙwara ɗansu. Daga nan akwai dagaci da hakimi da Hisbah don sulhu. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano, da ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma rubutun "ba a dawo da kaya" a jikin rasit ba ya shafe haƙƙin wanda aka yaudara. A shari'ar Musulunci ma, wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, amma in ya ga aibin ya ci gaba da lodi da motar, ana iya ɗauka ya yarda. Don haka a ajiye ta, a hanzarta.

Kada a ba ɗan sanda kuɗi don ya karɓo bashi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Motar sata ko takardun jabu su ne nasu. Sauran na kotu ne.

Limamai da masu unguwanni, don Allah a sanar da wannan ranar Juma'a da ranar kasuwa, kafin kuɗin kaka su bar hannun mutane.