Yadda Na Bi Sawun Kakannin Matata A Ƙasar Belarus

Lokacin da aka zo neman auren 'yata ta biyu, dangin mijin sun yi abin da kowane gidan mutunci yake yi, wato suka shiga binciken asali. Ta wajena ba su sha wata wahala ba, domin har gobe gidan kakana yana nan, kuma dattawan unguwa sun san mu. Ta wajen uwa kuwa sai bincike ya cije, har wata gwaggon angon ta ce ai Baturiya ba ta da asali. An ɗaura aure lafiya, amma maganar ta kai kunnen yarinyar. Rannan ta zo gaishe ni, ta zauna ta yi shiru, can ta ce, "Baba, don Allah ka san ko da sunan kakan Mama?" Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na tarar ba ni da ita.

Ina cikin 'yan Nijeriyar da suka tafi karatu Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1980, kuma rabona ya faɗa birnin Minsk, hedikwatar Belarus, wadda a wancan lokaci jiha ce a cikin tarayyar, kafin ta sami 'yancin kanta a 1991. A can na haɗu da mahaifiyar yarana. Ta biyo ni gida, ta musulunta, ta iya tuwo da miyar kuka, muka zauna fiye da shekara 30 har Allah Ya karɓi abinSa. A duk tsawon zaman nan ban taɓa zaunar da ita na tambaye ta su wane ne suka haifi iyayenta ba. Abin da ta bari kawai shi ne wata tsohuwar takardar baftisma ta kakarta, a naɗe cikin gyale a ƙasan akwati. A jikinta akwai sunan ƙauye, Zarechye, da sunan gunduma, Igumen.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na buɗe taswirar Belarus a intanet na rubuta Igumen, ban ga gari mai wannan suna ba. Na rubuta Zarechye, sai ga su birjik, kusan kowane lardi da nasa. Ma'anar sunan ita ce "ƙetaren kogi", don haka neman sa ba tare da ƙarin bayani ba daidai yake da mutum ya sauka a Arewa ya ce a kai shi Sabon Gari ko Tudun Wada. A nan na koyi darasin farko, wanda duk masu wannan sana'a suka sani: ba da sunan mutum ake fara neman kakanni ba, da sunan wuri ake farawa, domin an jera takardun ne bisa ga wuraren da aka rubuta su.

Wurin kuwa a ƙasar Belarus ba ya zama da suna ɗaya ko ubangida ɗaya. Ƙasar ta daɗe a cikin daular Lituwaniya, wadda ta haɗe da Foland a 1569. Daga nan aka yi wa wannan haɗaɗɗiyar daula rabon gado har sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, yankin Belarus ya faɗa hannun sarakunan Rasha, su kuma suka yanka shi zuwa lardunan Minsk da Vitebsk da Mogilev da Grodno da Vilna. A 1921 yarjejeniyar Riga ta ba Foland yammacin ƙasar, ya zauna a hannunta har 1939. Ga kuma 'yan gurguzu da sauya sunayen da ba su yi musu daɗi ba. Igumen na nufin shugaban gidan ibadar Kirista, shi ya sa a 1923 suka mayar da garin Cherven. Ashe garin da nake nema yana nan gabas da Minsk, na ma taɓa wucewa ta kusa da shi ina ɗalibi ban sani ba.

Abin da ya warware mini ƙullin shi ne kundin sunayen garuruwa, wato littafin da ke jera birane da ƙauyuka bi da bi, kamar ƙamus, yana faɗin inda kowanne yake da abin da ke cikinsa. Mafi shahara ga wannan yanki shi ne wanda aka wallafa a Warso da harshen Foland daga 1880 zuwa 1902, mai suna Słownik geograficzny Królestwa Polskiego, juzu'i 15, wanda Filip Sulimierski da Bronisław Chlebowski da Władysław Walewski suka jagoranci haɗa shi. Yau an ɗora hotunan shafukansa a intanet kyauta. Idan ka sami ƙauyenka a ciki, sau da yawa zai gaya maka gundumarsa, da kogin da yake bakinsa, da nisansa daga babban gari, da yawan gidaje, da mai ƙasar da ya mallake shi, da kuma cocin da mutanensa suke bi. Akwai kuma jerin ƙauyuka da hukumomin Rasha suka riƙa bugawa lardi-lardi. Da na gwama biyun, sai tarin Zarechye ya ragu zuwa waɗanda ke cikin Igumen kaɗai, sunan cocin da ke jikin hatimin takardarmu kuma ya fitar da guda ɗaya tak.

Sanin cocin shi ne mabuɗi. Kafin juyin juya halin 1917 babu ofishin gwamnati mai rajistar haihuwa a daular Rasha. Malaman addini ne aka ɗora wa aikin, kowanne da jama'arsa: limaman cocin Orthodox da na Katolika, da malaman Yahudawa, da limaman Musulmi. Littafin kashi uku ne, haihuwa da aure da mutuwa, kuma ana yin kwafi biyu, ɗaya ya zauna a coci, ɗaya a aika wa hukumar cocin ta lardi. Wannan kwafi na biyu shi ya ceci zuriyoyi da dama, domin Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye aƙalla mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ƙasar, aka ƙone ɗaruruwan ƙauyuka da mutanensu a ciki, irin su Khatyn inda aka hallaka mutum 149 ranar 22 ga Maris, 1943. Yau littattafan lardunan Minsk da Vitebsk da Mogilev suna babban gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Minsk, na Grodno suna garin Grodno, na lardin Vilna kuma akasarinsu suna Vilnius, wato a wata ƙasa daban, Lituwaniya. Wanda bai san lardinsa ba, har ƙasar da zai aika wa wasiƙa sai ya yi kuskure.

Na rubuta wa gidan adana takardun na Minsk da ɗan Rashancin da ya rage mini, na biya kuɗin bincike, na jira watanni. Da hotunan shafukan suka iso, sai wani sabon karatu ya tashi. Ranar haihuwar kakar ta saɓa da wadda iyali suka sani da kwana 13, domin Rasha ba ta bar tsohuwar kalanda ba sai a watan Fabrairun 1918. A ƙarni na 19 kuma bambancin kwana 12 ne. Mutum ɗaya zai fito a matsayin Ivan a littafin Rashanci, Jan a na harshen Foland, alhali a gida Yanka ake kiransa. Da na ƙara nisa baya sai iyalin suka ɓace daga littattafan Orthodox, na zaci hanya ta ƙare. Ashe a da mabiya cocin Uniate ne, mai ibada irin ta Orthodox amma mai biyayya ga Fafaroma, wanda hukuma ta rushe a 1839 ta haɗe mabiyansa da Orthodox. Sai da na koma waɗancan littattafan na sake cin karo da su.

Inda littafin coci ya yi giɓi, takardun haraji suka cike. Sarakunan Rasha suna karɓar harajin kai a kan kowane namiji, saboda haka suke yin ƙidaya lokaci-lokaci. A wannan yanki an yi ta a 1795 da 1811 da 1816 da 1834 da 1850 da 1858. Ana rubuta gida-gida, da maigida da 'ya'yansa da shekarun kowa, da wanda ya mutu ko ya gudu ko aka ɗauka soja tun ƙidayar baya. Ta 1811 maza kaɗai ta ƙirga. Kuma tun da manoman bayin ƙasa ne har zuwa lokacin da aka 'yanta su a 1861, a ƙarƙashin sunan mai ƙasa aka jera su. Ka ga amfanin kundin garuruwan nan da ya gaya mini wa ya mallaki ƙauyen.

Akwai wani abu da ya sa 'yata ta ɗan yi zumuɗi. A cikin gundumar Igumen ɗin nan akwai garin Smilavichy, inda Musulmi 'yan ƙabilar Tatar suke zaune da masallacinsu da maƙabartarsu. Kakanninsu sun zo ƙasar tun ƙarshen ƙarni na 14, zamanin sarki Vytautas, kuma da harshensu ya ɓace sai suka riƙa rubuta littattafan addini da harshen Belarus cikin baƙaƙen Larabci, tamkar ajaminmu. Ta ce, "Baba, wataƙila jinin Musulunci ne ya jawo Mama." Ni ma na so haka. Amma takarda ba ta san son zuciya ba. Babu Tatar a cikinsu, babu basarake, babu attajiri. Manoman hatsi ne, tun daga kakar har zuwa wani magidanci da aka rubuta a ƙidayar 1795 da matarsa da 'ya'yansa. A shafukan mutuwa na ga yadda wata daga cikin matan gidan ta binne 'ya'ya uku a hunturu guda. Na daɗe ina kallon shafin, domin a fuskar matata na san irin wannan haƙuri.

Na rubuta sunayen a jere, na kai wa 'yata. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya tana tuntuɓe da harshe, ta ninke takardar ta sa a cikin gyalen mahaifiyarta. Ba ta kai wa gwaggon ba, ni ma ban ce ta kai ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na iya bin sawun talakawan wata ƙasa mai nisa har fiye da shekara 200, amma a nawa gidan daga kakan kakana sai "an ce". Mu ma muna da kundayen lardunan Arewa da Turawan mulki suka tattara a shekarun 1920, aka sake buga su a 1972, ga rahotannin kimanta haraji a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, sai dai galibi sarauta da jimillar kawuna suka kula da su, ba sunan talaka ba. Namu kundin yana cikin ƙirjin tsofaffi. Don haka mai karatu, idan Allah Ya bar maka tsoho ko tsohuwa a gida, ka ɗauki biro da takarda a wannan makon, ka fara da tambayar sunan garin da aka taso da sunan da ake kiransa a da. Ni na yi jinkiri, sai da na biya kuɗi baƙi suka gaya mini abin da matata za ta gaya mini kyauta a tsakar gida. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.