Jarrabawar GMAT Ba Ita Ce Ke Tare wa Ɗan Talaka Ƙofa Ba

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a tsakanin matasan da ke neman digirin MBA a makarantun koyon kasuwanci na Amurka da Turai. Suna cewa jarrabawar GMAT da takwararta GRE hanyar tatsar kuɗi ce kawai, kuma katanga ce da aka gitta wa ɗan talaka. Wai da za a soke su, a riƙa duba sakamakon digirin mutum da aikin da ya yi, da an fi kusa da adalci. Masu wannan ra'ayi mutane ne masu ilimi, da yawansu ma sun sha wahalar jarrabawar da kansu, don haka ina girmama maganarsu. Sai dai a ganina sun ɗauki al'amarin a baibai. Ranar da aka cire jarrabawar nan, wanda zai fi kowa asara shi ne ɗan talakan da suke tausaya wa.

Inda suke da gaskiya ba zan musa ba. Kuɗin zama GMAT a cibiyar jarrabawa a Amurka dala 275 ne, kuma duk mai karɓar albashi da naira ko sefa ya san nauyin wannan. Da Turanci ake yin ta. Mai hali kuma yana iya ɗaukar malami ya horar da shi wata da watanni.

To amma a dubi teburin waɗanda ke tace masu neman gurbi. Takardu dubbai ne a gabansu daga ko'ina a duniya. Wannan ya fito daga Amurka, inda ake auna sakamako bisa maki 4. Wancan daga Kano, inda ake auna shi bisa 5. Ga wani daga Yamai ko Faransa, inda ake ba da maki cikin 20, kuma wanda ya samu 14 ana yi masa kallon gwarzo. Ko a cikin ƙasa ɗaya hannun malamai ba ɗaya ba ne: a shekarar 2013 jami'ar Harvard da kanta ta tabbatar cewa makin da aka fi bai wa ɗalibanta na digirin farko shi ne A. Kowace kasuwa da irin mudunta, wani ya fi wani zurfi, kuma mai sayen hatsi daga nesa ba shi da abin dogaro sai sikeli. Wannan matsala ce ta sa makarantun kasuwanci tara suka haɗu a 1953 suka nemi a tsara musu jarrabawa guda, aka fara zama a 1954, sannan ta samu sunan GMAT a 1976.

Yanzu mu ɗauka an cire ta. Me ya rage a cikin fayil ɗin mai nema? Sunan jami'ar da ya gama, sunan kamfanin da ya yi wa aiki, wasiƙun shaida daga shugabanninsa, da maƙalar da ya rubuta game da kansa. Ɗan'uwa, dubi waɗannan huɗu da kyau ka gaya mini wanne ne ya fi sauƙi ga ɗan talaka. Wanda ya yi karatu a fitacciyar jami'a ya yi aiki a babban banki a Landan, sunayen nan kaɗai sun gama yi masa magana. Wasiƙarsa daga hannun wanda masu tacewar suka sani za ta fito. Maƙalarsa kuwa akwai ƙwararrun da ake biya maƙudan kuɗi su gyara ta har ta yi sheƙi, balle yanzu da manhajar kwamfuta ke iya rubuta ta cikin ɗan lokaci. Ita kuwa yarinyar da ta gama jami'ar da ba su taɓa jin sunanta ba, ta riƙe littafin kuɗi na wani kamfanin sarrafa shinkafa shekara biyar cikin amana, da me za ta nuna musu ko ita wace ce? A jarrabawar nan kaɗai ne za a zaunar da ita da ɗan bankin Landan a kan ma'auni guda, lokaci guda, ba mai yi wa wani alfarma. Idan ta fi shi maki, babu mai iya cewa sani ne ko sa'ar haihuwa.

An ma riga an gwada abin da masu wannan ra'ayi ke so. Lokacin annobar korona a 2020, jami'o'in Amurka da yawa sun ɗage sharaɗin jarrabawar shiga. A 2022 jami'ar MIT ta mayar da sharaɗin jarrabawar shiga ta SAT, tana cewa makin na taimaka mata gano ɗalibai masu hazaƙa daga makarantun da ba su da gata. Dartmouth ta bi sahu a 2024, bayan binciken malamanta ya nuna cewa 'ya'yan marasa ƙarfi suna ɓoye makin da da sun nuna shi da ya taimake su. Yale da Harvard su ma suka dawo da sharaɗin a shekarar. Wannan kan digirin farko ne, amma dalilin bai sauya ba a matakin MBA.

Sai hujjar da aka fi so a wajenmu: ai Alhassan Ɗantata bai zauna wata GMAT ba. Haka ne, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1955, shekara guda bayan fara ta. Amma jarrabawar ba ta taɓa da'awar auna basirar ciniki ba, ko riƙon amana, ko iya zama da jama'a. Tambaya ɗaya take yi: shin wannan mutum zai iya ɗaukar karatun da ke jiransa? Tsarinta na yanzu, wanda aka fara a ƙarshen 2023, sa'a biyu ne da minti 15, kashi uku, kowanne minti 45: lissafi, fahimtar rubutu da auna hujja, sai karanta jadawali da alƙaluma a fitar da hukunci. Waɗannan su ne ainihin abin da ɗalibi zai tarar tun makon farko, a darussan akanta da harkar kuɗi da ƙididdiga. A makaranta irin INSEAD ta Faransa cikin wata goma ake kammala digirin, babu lokacin da za a jira wanda lissafi ya kwance masa. Kuɗin karatu kaɗai a Harvard ya haura dala 70,000 a shekara. Gara mutum ya gano rauninsa a jarrabawar dala 275 ya gyara, da ya gano shi bayan ya ci bashi ya bar aikinsa.

Akwai kuma batun tallafin karatu, wanda ga mafi yawanmu shi ne ke yanke hukuncin tafiya ko zama. Makarantu na duba makin nan idan za su raba tallafi, domin matsakaicin makin ɗalibansu na shiga cikin lissafin da ake jera darajarsu da shi. Maki mai kyau yakan jawo ragin da ya ninka kuɗin jarrabawar sau da yawa.

Abin da ya kamata mu matsa a kai shi ne a rage kuɗin ga masu nema daga ƙasashe irin namu, a kuma ƙara cibiyoyin zama kusa da mu. Kai kuma ƙanena, ke ƙanwata, mai shirin nema: ko makarantar ta ce nuna maki ganin dama ne, kada ka ɗauki wannan a matsayin sauƙi. Hukumar GMAC mai shirya jarrabawar tana ba da gwaji biyu kyauta a intanet, makin da ka samu a ta gaskiyar kuma yana aiki har shekara biyar. Fara da gwajin kyautar a wannan watan, ka ga inda kake, sannan ka zauna ka yi shiri.