Idan Ciwo Ya Rikice Wa Majinyaci A Asibiti

Mutane da yawa suna tsammani da an kwantar da ɗan'uwansu a asibiti, sauran jiran sallama kawai. Sau da yawa haka ne. Amma wani lokaci ciwo yakan rikice farat ɗaya, numfashi ya ɗauke, ko zuciya ta tsaya. In jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, cikin minti 4 zuwa 6 takan soma lalacewa. Don haka ne asibiti ke yin shiri tun kafin abin ya auku.

Farkon shirin shi ne awon da nas ke yi, na bugun jijiya, da numfashi, da zafin jiki, tana rubutawa. Galibi ciwo yakan nuna alama da sa'o'i kafin ya kayar.

In kuwa zuciya ta tsaya, ma'aikacin da ya fara isowa zai yi kira, kowa ya kama nasa aiki. Wani ya danna ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya hura iska da jakar roba, sau 2 bayan kowane danni 30. Wani ya nemi jijiya ya sa allura. Likita guda ne ke ba da umarni, don kada baki ya yi yawa. Wannan dabara ta danna ƙirji a Baltimo ta Amurka aka bayyana ta a 1960. Ba kowa ke farfaɗowa ba, gaskiya ke nan. Wanda ya farfaɗo akan kai shi ɗakin kulawa ta musamman, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan Sakkwato.

To, kai mai jinya, kai ne kusa da gado, har da dare. In ka ga numfashi ya yi sauri ko yana kakari, ko leɓe ya yi duhu, ko ya soma sambatu, ko ka tashe shi bai tashi ba, kira nas nan take. Kada ka ji kunya, kada ka ce bari gari ya waye.

Da ma'aikata sun iso, ku ja da baya. Na taɓa ganin dattijo ya riƙe hannun nas, wai za ta karya ƙirjin ɗansa. Haƙarƙari kan karye kam, amma yana ɗoruwa. Kada ku ɗura wa wanda ya suma ruwa ko rubutu, zai shiga huhu. Mutum ɗaya ya tsaya kusa, ya gaya wa likita duk maganin da majinyaci ya sha, har na gargajiya.