SARAUNIYA ZUBAIDA: MATAR DA TA SHAYAR DA ALHAZAI

Kusan kowaccenmu ta san wata Zubaida, ko a gida, ko a aji, ko a unguwa. To amma mu nawa muka san matar da ta fito da wannan suna duniya ta san shi? Ku gyara zama ku sha labari.

Sunanta na yanka Amatul Aziz, 'yar Ja'afar, jikar Halifa Mansur wanda ya gina birnin Bagadaza a shekarar 762. Kakan nata ne ya laƙaba mata Zubaida, wato 'yar curin man shanu, don ganin yadda take ɓul-ɓul tana ƙarama. Da ta isa aure sai aka yi tuwona maina, aka ba ta ɗan baffanta Haruna Rashid, wanda ya hau gadon daular Abbasiyya a shekarar 786.

'Yar uwa, duk abin da budurwa ke mafarkinsa Zubaida ta same shi: asali, dukiya, bayi, ga miji mai mulki tun daga Masar har Kurasan. Da ta ga dama sai ta ƙare rayuwarta a kan ado da ƙamshi, ba mai ce mata don me. Amma masu tarihi sun ruwaito cewa tana da kuyangi ɗari mahaddata Alƙur'ani, har mai wucewa ta gefen fadarta kan ji sautin karatu kamar kukan zuma.

Da ta je aikin Hajji sai ta tarar da abin da ya hana ta sukuni. Ruwa ya yi wuya a Makka, har salka ɗaya takan kai dinari guda. Mai hali ya saya, talaka kuwa sai haƙuri. Nan take ta sa aka tara magina da masu haƙa, ta ce a janyo ruwa daga duwatsu. Wakilinta ya tsorata da yawan kuɗin da aikin zai lashe, ita kuwa ta ba shi amsa cewa a yi, ko da kowane saran diga zai ci dinari. Haka aka fasa duwatsu, aka gina magudanar ruwa daga kwarin Nu'uman har zuwa Arfa. Shi ne ruwan da ake kira Ainu Zubaida, wanda alhazai suka yi ɗaruruwan shekaru suna sha.

Ba ta tsaya nan ba. Hanyar alhazai daga Kufa ta ƙasar Iraƙi zuwa Makka ta kai wajen kilomita 1,400, galibinta hamada. Halifofin da suka gabata sun fara gyara ta, ita kuwa ta zuba dukiyarta aka ƙara rijiyoyi, da tafkunan dutse masu tara ruwan sama, da masaukai. Shi ya sa hanyar ta koma amsa sunanta, Darbu Zubaida. Matafiyin nan Ibn Jubair ya bi ta a shekarar 1184, ya kuma yaba aikin. Har yau kufan tafkunan na nan a Saudiyya.

Kada ku zaci rayuwarta duk zuma ce. Mijinta ya rasu a 809, ɗanta Al-Amin ya gaje shi, sai yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da ɗan ubansa Ma'amun. A 813 aka kashe mata ɗa a Bagadaza. Allah Sarki! Duk da wannan baƙin ciki ba ta hura wutar ramuwa ba, ta sasanta da Ma'amun, shi ma ya riƙe ta da girmamawa har ta rasu a shekarar 831.

To 'yan mata, mu da hirarmu ba ta wuce akwati nawa aka kawo wa wance a lefe, sai mu tambayi kanmu: ina gwala-gwalan Zubaida yau? Ina fadarta? Duk sun bi iska, ruwan da ta shayar ne ya riƙe sunanta shekara fiye da 1,100. Ba laifi ba ne ki so miji mai hali, laifin shi ne ki shiga daula ki mance da masu ƙishirwa. In ba ki da ƙarfin haƙa rijiya, kina da ƙarfin ajiye randa a ƙofar gida, ko koya wa ƙanwarki karatu.

Allah Ya jiƙan Zubaida, Ya ba mu mazaje nagari da zuciyar taimako irin tata, amin.