Tchibarakaten: ƙaramar bindiga a ƙarƙashin babbar riga

Tun shekarar 2014 da aka gano zinariya a Tchibarakaten, can ƙuryar arewacin jihar Agadas, dab da iyakar Aljeriya, wurin da a da babu komai sai iska da duwatsu ya zama gari mai kasuwa. Maginan zinariya sun zo daga Damagaram, Maraɗi da Tawa, wasu daga Cadi da Sudan, fatake kuma suka biyo sawunsu da shinkafa, da mai, da injunan haƙa. Da hukuma ta rufe mahaƙar Jado a 2017, jama'a ta ƙara yawa. Ba a noma ko zangarniya ɗaya a wurin, ruwan sha ma sai an yo dakonsa da tanki daga nesa. Saboda haka duk motar da ta hau tana ɗauke da kaya, wadda ta gangaro Arlit ko Agadas kuwa tana ɗauke da zinariya ko kuɗi, kuma ƴan fashi sun san haka sarai.

Wannan ne ya sa attajirai da masu sayen zinariya ke tambayar juna a ɓoye: wace ƙaramar bindiga ce ta dace mutum ya soke a ƙugu, riga ta rufe ta, ba tare da abokin tafiya ya lura ba? Tambayar tana da hujja, don kilo guda na zinariya bai kai girman tafin hannu ba, amma yana iya zama jarin gida uku.

Ƙananan bindigogin da aka sani a ƙasashen Sahel ba su da yawa. Akwai Tokarev, ƙirar Tarayyar Sobiyat ta shekarun 1930, wadda Sin ta kwaikwaya. Siririya ce, tana cin harsashi 8, amma ta asali ba ta da makullin tsaro na hannu, don haka ɗaukarta a ɗane kasada ce. Akwai Makarov, mai harsashi 8 ita ma, gajeriya, mai sauƙin warwarewa da gogewa. Akwai kuma Glock 19 ta ƙasar Ostiriya, mai harsashi 15, da ƙanwarta Glock 26 mai harsashi 10, waɗanda jikinsu na roba ne mai tauri, shi ya sa ba su da nauyi.

Masana makamai sun yi ittifaƙi a kan abu guda: duk abin da aka samu wajen ɓoyewa, an rasa shi wajen harbi. Idan bindiga ta ƙanƙance, mariƙinta ba ya cika hannu, zaburarta ta fi tsanani, saitinta kuma ya fi wuya ga wanda bai saba ba. Ga kuma rairayin Tenere, wanda ke shiga ko'ina. Bindigar da aka shafe da mai da yawa tana tara ƙura har ta cije a ranar da ake bukatarta. Wadda aka jefa aljihu tare da makullai da carbi, babu kuben da ya rufe kunamarta, ta fi zama barazana ga cinyar mai ita fiye da ɓarawo.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne wata irin bindiga da ta malalo daga Libiya bayan faɗuwar Kaddafi a 2011. Kamfanonin Turkiyya irin su Ekol da Retay suna ƙera bindigogin ƙara, masu fitar da amo da wuta ba tare da dalma ba, don biki ko tsorata ɓarawo. Ga ido ba a bambanta su da na gaske. Masu fasa-ƙwauri kan sauya su zuwa masu harbi, su sayar da araha, kuma cibiyar binciken ƙananan makamai ta Small Arms Survey da ke Janeba ta ambaci yaɗuwarsu a Nijar cikin rahotonta na 2018. Illarsu ita ce yawancinsu an zuba su ne da ƙarfe mai laushi, gaurayen tutiya, wanda ba a yi shi don jure matsin harsashi na gaske ba. Tana iya tashi sau goma lafiya, a na sha ɗaya ta tarwatse a hannun mai ita. Araha dai ba ta ado, balle a wurin da asibitin tiyata yake nisan ɗaruruwan kilomitoci.

Sai kuma tambayar da masu saye ba su cika son ji ba: me ƙaramar bindiga za ta tsinana a kan hanya? Ƴan fashin hamada suna zuwa ne cikin motoci masu gudu, riƙe da Kalashnikov mai harsashi 30, wadda ke samun mutum daga nisan mita 300. Ƙaramar bindiga kuwa, a hannun wanda ba ya atisaye, da ƙyar ta sami abin da ya wuce mita 15 ko 20. Fatake sun san cewa a irin wannan tsaiko, wanda aka gani da makami shi ake fara harbi, wani lokaci har da na kusa da shi. Amfaninta, in akwai, yana cikin rumfa ne da dare, ko wurin awo idan ciniki ya rikice. A nan ma gardama kan giram biyu, da zafin rana da gajiya, ta isa ta mayar da attajiri mai kisan kai.

Doka kuma ba ta yi shiru ba. Tun farkon shekarun 1960 dokokin Nijar suka ɗora mallakar bindiga a kan izinin ma'aikatar cikin gida. Mai nema kan shigar da takardunsa, a bincika halinsa, izinin kuma na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya mai lamba; ba a ara wa ƙane, ba a bar wa yaron kanti. Bindigar da aka saya a bayan rumfa ba ta da asalin da za a rubuta, don haka ba ta da hanyar halatta. Wanda jandarma suka kama da ita a shingen bincike zai rasa ta, ya gurfana gaban alƙali, kuma zinariyar da ke jakarsa ta shiga cikin abin tuhuma. Ma'aikacin gwamnati da aka tura arewa, malamin asibiti ne ko na ma'adinai, bai fita daga wannan ƙa'ida ba don yana da katin aiki. Shi har aikinsa yake jefawa cikin haɗari.

Jihar Agadas ta san tsadar makamai fiye da kowace jiha. An kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, a 1994, ana tsakiyar tawaye. Aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. Ranar 25 ga Satumba 2000 kuma aka ƙona bindigogi fiye da dubu a Agadas, a bikin Wutar Zaman Lafiya. Da yawa daga cikin dattawan da suka halarci wannan biki, ƴaƴansu ne yau ke haƙa a Tchibarakaten.

Abin da manyan fatake suka fi dogara da shi shi ne ayari mai rakiyar soji, wanda aka tsara tsakanin mahaƙar da Arlit tun shekarun farko na haƙar. Yana da tasa wahalar: mutum kan zauna kwanaki yana jiran ranar tashi, farashin zinariya na sauyawa a Dubai, mai bashi na kira daga Yamai. Wasu kan raba kayansu cikin motoci biyu ko uku, wasu su biya kuɗi a Agadas wakilinsu ya karɓa a mahaƙa, don kada tsaba ta hau hanya. Masu gaggawa kuwa su ne ke tashi su kaɗai da dare, su bar hanyar da aka sani, kuma a cikinsu ne dillalan bindigar Turkiyya ke samun ciniki.