Bayan tiyatar zuciya, a sa ido kan kumburi da tarin yaro

Iyaye da yawa sun sayar da gona, wasu kuma jama'a suka yi musu karo-karo, aka kai yaro Indiya aka yi masa tiyatar zuciya. Ya dawo, shuɗin leɓensa ya tafi, aka yi ta barka da arziki. Sai dai akwai wata matsala da kan biyo baya, kuma ba a zuciyar take ɓullowa ba, a hanyoyin limfa take.

Kowa ya san kaluluwa, wadda kan taso a gindin cinya idan mutum ya ji ciwo a ƙafa. To kaluluwar nan zango ce a kan hanyoyin limfa, wato wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsiyaye daga jini, haɗe da maiƙon da hanji ya tsotso daga abinci. Suna tara shi a babban bututu guda da ya ratsa ƙirji, ya zuba a jijiyar jini ta gefen hagu na wuya. Idan tiyata ta taɓa bututun, ko ƙarfin jinin da ke cikin jijiyar ya hana ruwan shiga, sai ya nemi wata mafita. An fi ganin haka ga yaran da ɗaki guda kawai ke buga jini a zuciyarsu, aka yi musu aikin Fontan, wanda likitan Faransa Francis Fontan ya fara yi a 1968.

Idan ruwan ya taru a ƙirji, fari ne kamar madara, yaro ya riƙa numfashi sama-sama. Wannan kan zo cikin kwanaki ko makonnin farko, sau da yawa tun ana asibiti. Mai ruɗa mutane shi ne wanda ke zuwa bayan watanni ko shekaru. Ruwan ya riƙa yoyo cikin hanji yana tafiya da furotin, sai gudawa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, fuska da ciki da ƙafafu su kumbura. Kaka ta ce tamowa ce, maƙwabci ya ce ƙoda ce, wani ma ya ce sammu, a yi ta ɗura wa yaro jiƙe-jiƙe. Idan kuma cikin hanyoyin iska ya shiga, daskarewa yake, yaro ya yi tari ya fito da wani abu mai danƙo, mai rassa kamar reshen bishiya. Wannan yana iya toshe numfashi nan take, don haka ba a kwana da shi a gida.

Hoton ƙirji da sikanin na nuna cewa akwai ruwa, amma ba sa nuna daga inda yake ɓullowa. Wajen 2014 likitoci Yoav Dori da Maxim Itkin a asibitin yara na Filadelfiya, Amurka, suka fito da dabarar da ta sauya lamarin. Ana soka siririyar allura a kaluluwar gindin cinya, a tura wani ruwa da ke haskawa a na'urar MRI, a bi shi da ido yana hawa har inda ya kauce. Don yoyon hanji kuwa ta hanta ake shiga. Da an ga wurin, ana iya liƙe shi da gam na musamman ba tare da an sake tsaga ƙirji ba. Tsohuwar hanyar ɗaukar hoton ta amfani da man Lipiodol tana da haɗari ga yaron da jininsa ke tsallake huhu, domin man na iya kaiwa ƙwaƙwalwa.

Ba kowane asibiti ke wannan awo ba, kuma ba kowane yaro ke buƙatarsa ba. Ruwan ƙirji sau da yawa yakan tsaya da zuƙe shi da rage maiƙo a abinci, har da sauya nono da madara ta musamman, amma likita ne zai tsara wannan, kada uwa ta yaye jariri da kanta.

Ku adana takardun tiyata kamar takardar fili, ku ɗauki hotonsu a waya. Duk likitan da zai duba yaron, ko zazzaɓi ne ya kawo ku, ku faɗa masa sunan aikin da aka yi da shekarar. Idan yaro ya tofar da abin nan mai rassa, ku saka shi a kwalba mai tsabta ku tafi da shi asibiti.