Na'urar Auna Gudu da Adalci ga Direba

Gudun da ya wuce kima yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo asarar rayuka a hanyoyin ƙasar nan. Idan gudun mota ya ninka biyu, tazarar da take ci bayan an taka birki takan ninka huɗu. Saboda haka doka ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 cikin sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 kuma a tagwayen hanya.

Domin tabbatar da wannan doka, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana amfani da na'urar auna gudu. A 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. A 2025 kuma Jihar Legas ta kafa kyamarorin auna gudu a wasu hanyoyinta.

Amma na'ura ba ta gyara halin mutum ita kaɗai. Direban da tsoron tara kawai ke hana shi gudu yakan sassauta a gaban kyamara, da ya wuce ta sai ya sake taka mota. Wanda ya gamsu cewa an yi masa adalci shi ne mai bin doka ko da babu mai ganinsa. Wani gwaji da 'yan sandan Jihar Kwinsland ta Ostireliya suka yi daga 2009 zuwa 2010 ya nuna cewa direbobin da aka yi wa bayani cikin ladabi sun fi amincewa da jami'an da suka tsayar da su.

Adalcin nan yana da ginshiƙai huɗu. Jami'i ya bayyana wa direba laifinsa da adadin gudun da na'ura ta nuna. Ya saurari uzurinsa. Ya mutunta shi. Kada ya bambanta mai babbar riga da direban tasha.

Direba kuma nasa shi ne ya tsaya idan an tsayar da shi, ya karɓi takardar laifi, ya biya tara a asusun gwamnati ta banki. Kada ya miƙa kuɗi a hannun kowa a bakin hanya, domin mai bayar da cin hanci da mai karɓa duk masu laifi ne. Wanda bai yarda da tuhumar ba yana da ikon kare kansa a gaban kotu. Idan hatsari ya auku, a kira lamba 122.